MATSALOLIN MAHAƊIN TARAGAN JIRGIN FASINJA DA YADDA MA'AIKATAN JIRGIN ƘASA KE MAGANCE SU

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar jirgin ƙasa ta Gusau ko ta Ƙauran Namoda ya ga yadda ake jera taragai ɗaya bayan ɗaya, kan jirgi yana gaba yana ja. Abin da ke riƙe da wannan jeri shi ne wani ƙarfe mai nauyi da ke ƙarshen kowane tarago, wanda muke kira mahaɗi. A kusa da shi kuma akwai mesar birki, wadda ita ma ake haɗawa daga tarago zuwa tarago har ƙarshen jirgi. Rayukan ɗaruruwan fasinjoji suna rataye a kan waɗannan abubuwa biyu, ko da yake kaɗan ne daga cikin matafiya suke lura da su.

Mun tanadi wannan bayani ne domin amfanin jama'armu, musamman mutanen yammacin jiha, wato Bagega da sauran ƙasar Anka, da Gummi, da Bukkuyum, inda layin dogo bai ratsa ba. Mutanen wannan yanki ba su tashi kusa da jirgi ba, amma suna shigarsa in tafiya ta kai su Zariya, ko Kano, ko Kaduna, ko Abuja. Muna so su san abin da ke faruwa idan mahaɗi ya sami matsala, da dalilin da ya sa ma'aikata ke ɗaukar lokaci kafin su bar jirgi ya ci gaba. A taƙaice, an tsara jirgin fasinja ne ta yadda zai tsaya da kansa in ya rabu biyu. Haɗarin da ya rage yana cikin abin da mutane za su yi bayan ya tsaya.

Layin dogo a Jihar Zamfara

Jirgin ƙasa ya isa Kano a shekarar 1911. Daga baya aka fitar da reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa, da Tsafe, da Gusau, ya ƙare a Ƙauran Namoda a shekarar 1929. Tsawonsa ya haura kilomita 200. An shimfiɗa shi ne domin kwasar gyaɗa, da auduga, da fatu da ƙiraga zuwa bakin teku, kuma shi ne ya taimaka wajen mayar da Gusau babbar cibiyar ciniki. Ga mutumin Bagega ko Anka, tashar Gusau ita ce mafi kusa. Tun shekarar 1955 Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ce ke tafiyar da wannan layi tare da sauran layukan ƙasar, kuma ofishinta na shiyya da ke Zariya ne ke kula da shi. A shekarun baya-bayan nan zirga-zirga a kansa ta ja baya ƙwarai.

Wannan tsohon layi matsattse ne, faɗinsa milimita 1,067. Sababbin layuka kuwa, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a shekarar 2016, da na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021, faɗinsu milimita 1,435 ne. Bambancin bai tsaya ga faɗi kawai ba. Mahaɗin taragansu daban ne, tsarin birkinsu ma daban ne. Don haka ya kamata mu fara da sanin ire-irensu.

Ire-iren mahaɗi

Na farko shi ne wanda ake kira ABC, wanda aka yi wa rajista a Ingila a shekarar 1906. Shi ne ke jikin taragan tsofaffin layukanmu. Yana tsakiyar ƙarshen tarago, yana da faffadar fuska da ke tokare ta ɗan'uwansa, da ƙugiya, da kuma zoben ƙarfe mai tsawo. Idan aka turo tarago a hankali, zoben ɗaya yakan hau ya faɗa cikin ƙugiyar ɗayan. Mahaɗi ne mai sauƙin gyara, sai dai yana buƙatar taragan biyu su kasance tsayinsu ya yi daidai da juna.

Na biyu shi ne wanda wani Ba'amurke mai suna Eli Janney ya ƙirƙiro a shekarar 1873. Siffarsa kamar hannaye biyu ne da suka lanƙwashe yatsu suka sarƙe juna. Da zarar sun haɗu, sai wata sakata da ke ciki ta faɗa ta kulle. Kafin zuwansa, ma'aikaci ne ke shiga tsakanin taragai yana riƙe da zobe da hannunsa, ya zura ƙusa a daidai lokacin da suka gamu, kuma ma'aikata masu yawa sun rasa yatsu, wasu sun rasa rayukansu ta wannan hanya. Wannan ya sa a shekarar 1893 Amurka ta yi dokar da ta wajabta mahaɗi mai kulle kansa da birkin iska. Irin wannan mahaɗi ne ke jikin taragan sababbin layukan Nijeriya.

Na uku shi ne na Karl Scharfenberg, injiniya ɗan ƙasar Jamus, wanda ya fito da shi a shekarar 1903. An fi amfani da shi a jiragen fasinja masu tuƙa kansu, waɗanda injinsu ke ƙarƙashin taragai, kuma suke da ɗakin direba gaba da baya. Akan haɗa rukuni biyu na irin waɗannan jirage su zama jirgi guda a lokacin da fasinjoji suka yi yawa, a raba su in jama'a sun ragu. Wannan mahaɗi yana haɗa abubuwa uku a lokaci ɗaya: ƙarfen ja, da bututun iska, da wayoyin lantarki da ke kai umarnin direba zuwa rukunin baya.

Dangantakar mahaɗi da birki

Ba za a fahimci matsalar mahaɗi ba sai an fahimci birki. Birkin jirgin fasinja ba kamar na mota ba ne, wanda sai an taka yake kamawa. Shi a shirye yake ya kama a kowane lokaci, kan jirgi ne ke hana shi.

A tsofaffin layuka, kan jirgi yana zuƙe iskar da ke cikin bututun da ya ratsa dukkan taragai. Muddin bututun ba iska a ciki, birki a sake yake. Da zarar iska ta shiga, ko direba ne ya buɗe mata hanya ko mesa ce ta cire, sai birkin kowane tarago ya kama. A sababbin layuka tsarin ya juya: kan jirgi ne ke cika bututun da matsattsiyar iska, kuma kowane tarago yana da tankin iska a ƙarƙashinsa. Idan iskar bututu ta ragu, sai ta cikin tankin ta danna birki. George Westinghouse ne ya fito da wannan tsari a Amurka a shekarar 1872.

Ma'anar wannan ita ce, idan mahaɗi ya ɓalle jirgi ya rabu, mesar birki ma za ta tsinke, kuma ɓangarorin biyu za su tsaya da kansu ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Amma wannan riƙo ba dawwamamme ba ne. Taragan da suka rabu da kan jirgi birkinsu yakan saki a hankali, saboda yoyon iska. A kan gangara, wannan shi ne babban abin tsoro.

Darasin Armagh

Duniya ta koyi wannan darasi ne da tsada. A ranar 12 ga Yuni, 1889, wani jirgi ya tashi daga garin Armagh a arewacin tsibirin Ayalan ɗauke da 'yan makaranta da manyansu za su yawon shaƙatawa bakin teku. Taragai 15 ne cike da jama'a, kuma kan jirgin ya kasa ƙarasa hawan wani tudu. Sai ma'aikata suka yanke shawarar raba jirgin, a wuce da taragai biyar na gaba, a bar goma a kan tudun kafin a dawo. Birkin wannan jirgi ba mai kama kansa ba ne, don haka da aka cire mesa, babu abin da ke riƙe da taragan baya sai birkin hannu guda ɗaya da duwatsun da aka sa a ƙarƙashin ƙafafu. Da kan jirgin zai tashi, sai ya ɗan ja da baya ya tunkuɗi taragan, duwatsun suka murƙushe, taragai goma suka gangara suka yi karo da jirgin da ke biye. Mutum 80 suka rasu, da yawansu yara, fiye da 200 suka ji rauni.

A cikin wannan shekara majalisar dokokin Birtaniya ta yi dokar da ta tilasta sa birki mai kama kansa a kowane jirgin fasinja, tare da ƙa'idar cewa kada jirage biyu su kasance a yanki ɗaya na layi a lokaci guda. Da yake Turawan Ingila ne suka shimfiɗa layukanmu na farko, waɗannan ƙa'idoji ne aka kafa aikin jirgin ƙasa a kansu a Nijeriya.

Abubuwan da ke jawo matsala

Matsalolin mahaɗi sun kasu gida uku: ya ƙi kamawa, ko ya kama rabi da rabi, ko ya ɓalle a kan hanya. Na tsakiyar ya fi haɗari, domin a ido kamar ya kulle. Daga cikin dalilansu akwai waɗannan:

1. Cinyewar ƙarfe. Shekara da shekaru ana ja ana tokara, ƙugiya da sakata sukan side, har a sami rata a tsakaninsu. Alamar haka ita ce ƙara da fizgar da fasinja ke ji duk lokacin da jirgi ya tashi ko ya tsaya.

2. Tsagewa. Ƙaramar tsaga da ido ba ya gani takan yi ta faɗaɗa har ƙarfe ya karye rana ɗaya, galibi a lokacin hawan tudu ko tashi da ƙarfi.

3. Bambancin tsayi. Idan sifirin ɗin wani tarago ya gaji, ko an yi masa lodi fiye da kima, mahaɗinsa yakan yi ƙasa da na makwabcinsa. A wurin da layi ya lotsa, ɗaya na iya zamewa daga ɗaya.

4. Ƙura da tsatsa. A ƙasarmu ƙurar hunturu takan gauraya da giris ta daskare a cikin sakata, damina kuma ta kawo tsatsa. A mahaɗi mai wayoyin lantarki, ƙura ko danshi kaɗan sun isa su katse saƙo tsakanin rukuni biyu, har ƙofofi su ƙi buɗewa ko injin baya ya ƙi amsa umarni.

5. Lalacewar mesa. Zafin rana yakan busar da roba ta tsattsage. Mahaɗi na iya zama lafiya lau, amma yoyon mesa ya sa birki ya riƙa kamawa.

6. Tuƙi da haɗi na gaggawa. Fizgar jirgi, ko buga tarago da ƙarfi wajen haɗawa, ko ƙoƙarin haɗawa a kan kwana inda mahaɗan ba sa fuskantar juna.

7. Hannun ɗan'adam. Akwai masu taɓa sandar kwancewa ko mesa da gangan ko da wasa, akwai kuma ɓarayin ƙarafa.

Binciken da ake yi kafin jirgi ya tashi

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma mafi yawan aikin ma'aikata a nan yake. Idan za a haɗa tarago, ma'aikacin haɗi yakan tsaya a gefe inda direba ke ganinsa, ya ba da alama da hannu ko tuta, ko fitila in da dare ne. Ƙa'ida ta hana shi shiga tsakanin taragai har sai sun tsaya cik kuma direba ya san yana ciki. Bayan sun haɗu, direba yakan ɗan ja gaba kaɗan alhali birkin taragan na kame, domin a tabbata mahaɗin ya kulle da gaske. Sai a haɗa mesa da wayoyin wuta.

Daga nan mai duba taragai zai bi jirgin daga kai har wutsiya, yana duba kowane mahaɗi, da tsayinsa, da sakatarsa, da mesarsa. Sannan a gwada birki. Jami'in kula da jirgi, wanda aka saba kira gadi, yana da agogon awon iska a taragonsa na ƙarshe. Idan direba ya kama birki, dole agogon ya nuna, idan ya saki ma dole ya nuna. In bai nuna ba, to akwai inda bututun ya toshe ko ba a haɗa ba, kuma jirgi ba zai tashi ba sai an gano wurin. Abu na ƙarshe shi ne rataya jar fitila ko jan allo a bayan taragon ƙarshe. Wannan alama ce ke shaida wa kowace tasha cewa jirgin ya wuce cikakke, bai bar komai a baya ba.

Idan mahaɗi ya ƙi kamawa a tasha, akan raba taragan, a share, a sa mai, a daidaita, a sake gwadawa. In ya ƙi, sai a cire taragon a tura shi wurin gyara, a mayar da fasinjojinsa wasu taragai. A jirage masu tuƙa kansu, akan bar rukuni ɗaya ya tafi shi kaɗai, ko kowane rukuni ya tafi da direbansa. Cunkoso da jinkirin da fasinja ke gani a irin wannan rana daga nan suke tasowa.

Idan jirgi ya rabu a kan hanya

Direba yakan fara sani ne ta agogon iska da ke gabansa, da kuma yadda jirgi ke kame kansa. Matakan da ake bi, a dunƙule, su ne kamar haka:

Na ɗaya, tabbatar da tsayuwar ɓangaren baya. Gadi zai ɗaure birkin hannu, a kuma sa waigi a ƙarƙashin ƙafafu, musamman in wurin gangara ne. Ba a dogara da birkin iska shi kaɗai, saboda dalilin da muka ambata a sama.

Na biyu, tsare layi. Akan kafa jar tuta ko jar fitila nesa da jirgin. A tsarin da aka gada, akan kuma ɗaura wasu ƙananan abubuwan fashewa a kan dogo, waɗanda ke yin ƙara in wani jirgi ya taka su, domin direbansa ya tsaya.

Na uku, sanar da ofishin kula da zirga-zirga da tashoshin gaba da baya. Layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda tilo ne, jirage ba sa gilma wa juna sai a tasha. Saboda haka shugaban tasha ba zai bar wani jirgi ya shiga wannan yanki ba har sai an tabbatar babu tarago ko ɗaya da ya rage a ciki.

Na huɗu, gano dalili. Direba da gadi za su duba mahaɗan biyu. In ba abin da ya karye, sai a dawo da ɓangaren gaba a hankali ƙwarai, wani yana ba da alama, a sake haɗawa, a sake gwajin ja da gwajin birki daga farko kamar yadda aka yi a tasha. Daga nan jirgi zai tafi da rage gudu zuwa tasha ta gaba, inda za a sake dubawa.

Na biyar, in ƙarfe ya karye. Idan akwai abin canji a cikin jirgi, akan canza nan take. In babu, sai a wuce da ɓangaren gaba zuwa tasha bisa izini, ba tare da jar fitilar wutsiya ba, domin tasha ta san jirgin bai cika ba. Gadi zai zauna tare da taragan da aka bari har a dawo a ɗauke su, ko a turo wani kan jirgi ya ja su ta baya.

Na shida, rahoto. Akan rubuta lambar tarago, da wuri, da lokaci, a kuma adana ƙarfen da ya karye domin injiniyoyi su gano ko tsufa ne, ko aibin ƙira, ko kuskuren aiki. Idan lamarin ya kai ga haɗari, Hukumar Binciken Haɗurra ta Nijeriya, wadda dokar shekarar 2022 ta faɗaɗa aikinta daga jiragen sama zuwa na ƙasa da na ruwa, tana da ikon gudanar da nata binciken.

Waɗannan matakai na iya cin sa'a guda ko fiye. Mun san zama cikin tarago a tsakiyar daji, ga zafi ga fargabar tsaro, ba abu ne mai sauƙi ba. Amma abin da ya faru a Armagh ya samo asali ne daga neman gajeruwar hanya don kada a ɓata lokaci.

Abin da ake buƙata daga fasinja

Muna kira ga jama'a da su kiyaye waɗannan abubuwa:

1. Kada a zauna ko a tsaya a kan mahaɗi, kada kuma a hau rufin tarago.

2. Kada a tara buhuna ko kaya a mashigar da ke tsakanin taragai, kada a rataya komai a jikin mesa.

3. Kada a ratsa ta ƙarƙashin jirgi ko ta tsakanin taragai a tasha, ko da jirgin a tsaye yake. Yana iya motsawa ba sanarwa. Iyaye da masu talla su lura da wannan ƙwarai.

4. In jirgi ya tsaya a daji, kowa ya zauna a wurinsa har ma'aikata su ba da umarni. Kada a sauka a taru a kan layi ko a tsakanin ɓangarorin da suka rabu, domin ta nan ne za a dawo da kan jirgi.

5. Duk wanda ya ji bugu mai ƙarfi da ba a saba ji ba, ko hucin iska daga tsakanin taragai, ya gaggauta gaya wa ma'aikaci.

6. Kada a matsa wa direba ko gadi lamba su tashi kafin su gama gwaji.

7. Mazauna garuruwan da layi ya ratsa su sanar da hakimi, ko dagaci, ko jami'an tsaro in sun ga ana kwance ƙarafan dogo ko na taragai.

Kammalawa

Harkar jirgin ƙasa tana sake ɗaukar hankali a arewacin ƙasar nan. A shekarar 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya bi ta Kazaure, da Daura, da Katsina, da Jibiya, haka kuma da na Kaduna zuwa Kano. A shekarar 2023 aka gyara tsarin mulki ta yadda jihohi ma za su iya shiga harkar jirgin ƙasa, bayan a da ta gwamnatin tarayya ce kaɗai. Wannan yana nufin za a buƙaci ƙarin direbobi, da masu duba taragai, da injiniyoyi. Matasanmu na Anka, da Gummi, da Bukkuyum masu sha'awar wannan fanni suna iya neman horo a Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya da ke Zariya, wadda aka kafa a shekarar 1986, ko a Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura.

Ga fasinja kuwa, saƙonmu ɗaya ne. In jirgi ya tsaya aka ga ma'aikata suna kai da komo a tsakanin taragai, suna ɗaure birkin hannu, suna gwaji suna sakewa, to aikinsu suke yi yadda aka koya musu. A ba su haɗin kai, a yi haƙuri har su gama. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kai kowa gida lafiya.